Idan Amon Jita Ya Ɓaci: Bin Sawun Matsala Daga Yatsa Har Lasifika

Arewacin Zamfara ƙasar makaɗa ce tun fil azal. A Tubali, cikin ƙasar Shinkafi, aka haifi Ibrahim Narambaɗa mai kotso, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, kuma da sunan Zurmi aka san Kassu a fagen kiɗan maza. Makaɗan irin wannan gida idan abin kiɗa ya sauya murya ba sa neman kowa. Fata ce ta saki, a kai ta rana ko kusa da wuta. Tsirkiya ce ta yi sako-sako, a ja ta. Duk abin da ya ɓaci yana gaban ido, hannu kuma yana kai gare shi.

Jita mai lantarki ta saɓa da wannan. Katakon da makaɗi ke rataye da shi kusan bebe ne: idan aka kaɗa shi ba a jona ba, na bakin ƙofa ma da ƙyar zai ji. Muryar da ke cika fili sai ta bi ta maganaɗisu, ta wayoyi, ta ƙananan akwatunan da ake takawa da ƙafa, wato feda, ta amfilifaya, sannan ta fito ta lasifika, kuma a kowane zango tana iya raguwa ko ta kwaso shara. Shi ya sa mai jita kan wayi gari ya tarar abin da jiya yake raɗau yau yana ƙugi ko ya dushe, alhali bai taɓa komai ba.

A Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi jita ba ta kai fiyanon situdiyo yawa ba, balle kalangu. An fi ganinta a hannun mawaƙan coci da ɗalibai masu sha'awar kiɗa. Amma kunnuwa sun san ta, domin iyakar Nijar na nan kusa, kuma kiɗan jitar Abzinawa ya daɗe yana tsallakowa a katin waya. Zirga-zirgar ma ta ɓangare biyu ce: a Sakkwato ne Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa wanda yau ake gayyata Turai da Amurka, ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da irin gyaran muryar da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Saurayin da ya ji irin wannan kiɗa ya tara kuɗi ya sayo jita daga Sabon Garin Kano ko Maraɗi, ranar da ta ɓaci babu gwanin gyaran jita a unguwarsu. Hanyar Gusau ko ta Sakkwato kuwa, a halin tsaron da ake ciki, ba wadda ake hawa don ƙaramin dalili ba ce. Abin da zai fisshe shi shi ne tsarin bincike, domin mafi yawan ɓacin amo ba sabon kaya yake nema ba, gano inda ya samo asali yake nema. A ƙasarmu kuwa asalin yakan koma ga abubuwa uku da littattafan masu ƙera jita ba su cika damuwa da su ba: irin wutar da muke samu, ƙura, da tazarar da ke tsakanin hunturu da damina.

Aibi ne, ko salo?

Kafin a ɗauki sukuddireba, a fara ba matsalar suna. “Ba ta daɗi” ba bayani ba ne. Koke-koken masu jita ba su wuce biyar ba: ƙugin da ba ya yankewa ko ana kiɗa ko ba a yi, ƙaras-ƙaras da ɗaukewar sauti, dushewa, kamar an rufe lasifika, siranta da kaifin da ke soke kunne, sai kuma tsirkiya mai gogar ƙarfe ko mai kauce wa saiti. Kowanne da unguwar da ake nemansa.

Sannan ba kowace gurɓatacciyar murya ce cuta ba. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks ta Ingila ya sa reza ya tsaga takardar lasifikarsa da gangan, don ya samu amo mai kaushi, kuma kamfanoni sun ƙera na'urori na musamman don samar da irin wannan kaushi. A Agadas ma haka abin ya kasance ta wata fuskar. Ƙungiyoyin bukukuwan aure irin su Etran de L'Aïr, wadda aka kafa a 1995, da Group Inerane, wadda kamfanin Sublime Frequencies ya fitar da faifanta a 2007, sun saba kiɗa a fili da ƙananan amfilifayoyi da aka ƙure wa murya. Kaushin da rashin manyan kaya ya haifar ya zama tambarin kiɗan, har mutanen waje suna nemansa. Ma'aunin da za a riƙe shi ne wannan: abin da makaɗi zai iya kawowa ya kuma kawar a lokacin da ya ga dama, salo ne, abin da ke zuwa ba da izininsa ba, shi ne aibi.

Ƙa'idar bincike

Mai lambu a bakin gulbin Gagare idan ruwa bai isa fangali na ƙarshe ba, ba ya sayo sabon injin ban-ruwa. Bin magudana yake yi taku-taku har ya ga inda ta fashe. Haka ake yi wa sauti. A cire komai, a bar abu uku kacal: jita, waya ɗaya gajera da aka amince da ita, da amfilifaya. A mayar da duk maɓallan gyaran murya tsakiya, a kashe kaushi da amsa-kuwwa. Idan amon ya gyaru, laifin yana cikin abin da aka cire, sai a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya tona kansa. Idan bai gyaru ba, a musanya ɗaya daga cikin ukun: wata waya, wata jita ta aro, ko wata amfilifaya.

Sharaɗin shi ne kada a sauya abu biyu a lokaci guda. Wanda ya canja tsirkiya da waya da batir gaba ɗaya, ko da matsalar ta tafi bai san abin da ya kore ta ba, kuma ran da ta dawo zai koma gidan jiya.

Akwai gwaji biyu da ba sa cin ko kwabo. Na farko, a zare waya daga jikin jita, a rage murya, a taɓa tsinin kanta da yatsa: idan lasifika ta yi ƙara mai ƙarfi, waya da amfilifaya suna raye. Na biyu, a mayar da wayar, a ɗan ƙwanƙwasa kan kowane maganaɗisu da bakin sukuddireba ana juya makunnin zaɓi: wanda aka zaɓa zai amsa da “ƙwas” a lasifika, wanda ya mutu zai yi shiru.

Ƙugi, da wutar da ke haifar da shi

Abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, wanda makaɗa ke kira fikof, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, zagaye kusan 8,000 a irin na Fender Stratocaster. Tsirkiyar ƙarfe na kaɗawa a samansa, shi kuma yana mayar da motsin ya zama 'yar ƙaramar wuta. Matsalar ita ce ba ya tantancewa: duk wata wutar da ke kaɗawa a kusa, shi ma ɗauka yake. Wutar gida a Nijeriya da Nijar tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, wato ƙasa da tsirkiya mafi kauri ta jita, mai kaɗawa sau 82. Wannan shi ne ƙugin nan mai zurfi da ake ji. Don maganinsa ne Seth Lover na kamfanin Gibson ya haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna, ta yadda ƙugin ɗaya zai cinye na ɗayan, kuma aka fara sa irin wannan fikof a jitocin kamfanin a 1957. Mai jita mai fikof siriri guda uku yana da kwatankwacin wannan a mataki na 2 da na 4 na makunnin zaɓi, a yawancin ƙirar zamani.

Ga yadda ake rarrabe ƙugi. A murɗe bolum na jita har ƙasa. Idan ƙugin ya tsaya, ta jita yake shiga. Idan ya ci gaba, a nemi laifin a waya, feda, amfilifaya ko soket. Idan ta jita ne, makaɗi ya juya jikinsa a hankali yana riƙe da ita. Ƙugin da ke ƙaruwa ta wata fuska ya ragu ta wata, daga iska yake zuwa: tiransifoma, sitabilaiza, fankar sama, cajar waya mai araha, ƙwan fitila mai tattalin wuta, ko injin walda na maƙwabci. A kashe su ɗaya-ɗaya. Wayar hannu da aka ajiye a kan amfilifaya tana da nata kukan daban, mai tsattsage, musamman idan kira na shirin shigowa.

Sai gwajin taɓa tsirkiya. Idan ƙarar ta ragu da aka ɗora hannu, wayar da ke haɗa jakin jita, inda tsirkiyoyi ke hawa, da ƙasa tana aiki, abin da ya rage shi ne a liƙa takardar tagulla ko ta gorar ruwa a cikin ramin da kayan lantarkin suke, a haɗa ta da wannan waya. Idan babu bambanci, wataƙila wayar ta tsinke. Idan kuwa ƙarar ta ƙaru, ana iya samun wani ya taɓa gyara ya juya wayoyi biyu na ramin da ake soka waya.

A ƙaddara saurayi ya ɗauko jitarsa ya kai rumfar mai gyaran rediyo a kasuwar Ƙaura.

“Baba, jitag ga ta lalace. Tun shekaranjiya taka ƙugi.”

Dattijon bai kwance ko kusa ɗaya ba. Ya jona ta a ɗan amfilifaya mai batir, ya ƙara murya, suka saurara. Tsit, sai amon tsirkiya.

“Ɗana, da mi kaka kunna ta gida?”

“Da ɗan janareta, Baba.”

“To laihin ba nata na ba, na wutakka na.”

Wannan gwaji na batir shi ne alƙali mafi adalci a inda wuta ba ta da tabbas. Ƙaramin janareta sai ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da bugu 50 a daƙiƙa. Da an ɗora masa firji ko dutsen guga sai gudun ya sauka, har ana jin muryar ƙugin tana hawa da sauka tare da kukan injin. Inbatar sola mai araha kuma, wadda wutarta ke fita gaɓa-gaɓa maimakon santsi, tana haifar da wata ƙara mai kaifi da ba ta jin magani sai an sauya inbatar da mai tsabtatacciyar wuta. Idan wutar Nepa ta zo da rauni, ƙasa sosai da bolt 230 da aka tsara, amfilifaya kan rasa ƙarfi, ta fara kaushi tun ba a kai rabin murya ba, makaɗi ya yi zaton lasifika ce ta fashe. Mitar awon wuta a soket za ta raba gardama. Wanda ya sayi gwanjon amfilifaya daga Amurka ya karanta bayanta tukuna: idan ta bolt 120 ce, sai da tiransifoma mai rage wuta, in ba haka ba hayaƙi ne zai biyo baya.

Inda maganar ta wuce daɗin kunne

Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya. Idan amfilifaya ta samu matsala a ciki, kuma babu wayar ƙasa da za ta kwashe wutar, jikin makaɗi ne zai zama hanya. Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya mutu a kan dandamali a Wales a 1972, lokacin da ya taɓa makirfo mai wuta. Keith Relf, tsohon mawaƙin The Yardbirds, wuta ce ta kashe shi a gidansa a 1976 yana kaɗa jita.

A nan gida haɗarin ya fi kusa, domin gidaje da yawa soket ɗinsu mai rami uku ne amma waya biyu ce a bayansa, kuma kayan da suka zo ta Nijar da fulogi mai ƙafa biyu akan tura su a adafta, a bar maganar ƙasa. Wasu ma da gangan suke karya ƙafa ta uku don sun ga ƙugi ya ragu. Wannan ganganci ne. Duk wanda ya ji ɗan cizo a leɓe idan ya kusanci makirfo yana riƙe da jita, ya tsaya nan take. Gyaran shi ne mai aikin wayarin ya kafa sandar ƙarfe mai rufin tagulla a ƙasa, ya haɗa ta da soket da kuma firam ɗin janareta. Da rani a riƙa jiƙa gindinta, don busasshen yashi ba ya karɓar wuta sosai. A jona amfilifaya da mikisa a layi ɗaya, a kuma sa na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa. Cikin amfilifaya kuwa, musamman mai kwalabe, ba wurin koyon gyara ba ne: tana iya riƙe sama da bolt 400 bayan an kashe ta.

Ƙaras-ƙaras da ɗaukewa

Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa: mafi yawan ɗaukewar sauti daga waya yake, wadda ita ce mafi arha a kayan. Ana taka ta, ana naɗe ta a gwiwar hannu, ana fizge ta. A bar tsirkiya tana amo, a bi wayar ana lanƙwasawa daga wannan kai zuwa wancan. Inda ta yi ƙara, nan ne. Sau da yawa a gindin kan ne, kuma ɗigon dalma ya isa.

Na biyu shi ne ramin da ake soka wayar a jikin jita. Idan notinsa ya saki, makaɗi kan murɗa shi daga waje, ramin duka ya juya, wayoyin ciki su murɗe har su tsinke. A kwance farantin, a riƙe shi ta ciki, sannan a ɗaure.

Na uku ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga cikin bolum da makunnin zaɓi, sai a ji ƙarar yashi duk sanda aka murɗa. Maganinta feshin da ake wanke kayan lantarki da shi, a fesa kaɗan ta bayan maɓallin, a murɗa shi gaba da baya sau da yawa. Baƙin mai, fetur ko kananzir ba su da wuri a nan. Akwai kuma wata ƙarar ta hunturu da ke ruɗa mutane: tas-tas idan yatsa ya goga farantin roba da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi. Ba lalacewa ba ce, irin tartsatsin nan ne da riga ke yi a busasshiyar iska, kuma takardar tagulla a bayan farantin tana rage shi.

Dushewa da siranta

Idan murya ta dushe, a fara da tsirkiya. Gumin bazara da gishirinsa suna cika tsakanin naɗin tsirkiyoyi masu kauri, su sa sirara tsatsa, kaifin amo ya mutu, saiti ya ƙi zama. Goge su da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa yana ƙara musu kwana. Idan za a sauya, a sauya shida gaba ɗaya, kuma a tabbata na jitar lantarki ne. Na roba ba sa magana da maganaɗisu sam. Na jitar gargajiya masu ruwan tagulla suna amsawa, amma masu kaurin sai su fito da rauni, siraran su danne su. Gaskiya ne Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko yana yaro, amma wannan shaidar himma ce, ba shawarar gyara ba.

Bayan tsirkiya, tsayin fikof. A danne tsirkiya a ƙarfe na ƙarshe na wuyan jita, a auna tazararta da kan maganaɗisu: wajen milimita 2 zuwa 2.5 mafari ne mai kyau ga fikof siriri. Idan ya yi nisa, amo zai yi rauni ya sirance. Idan ya matso da yawa, maganaɗisun zai riƙa jan tsirkiya, amon ya mutu da wuri, a kuma ji wata rawa-rawa a cikinsa kamar murya biyu na gardama. Kusoshi biyu na gefe ne ke ɗaga shi ko sauke shi.

Tsawon waya ma yana ci. Wutar fikof mai rauni ce, kuma kowace mita ta waya tana shan kaɗan daga kaifinta; bayan mita 6 kunne yakan fara lura. A wajen taro inda aka ja waya mita 15 zuwa mikisa, dole murya ta dushe.

Jona jita kai tsaye a mikisa kuwa shi ne kuskuren da ya fi yawa a coci da wajen biki, inda kayan sautin na haya ne kuma babu amfilifayar jita. Mashigar amfilifayar jita an gina ta da juriya ta om miliyan 1, don kada ta danne fikof. Mashigar layi ta mikisa ba ta wuce om dubu 10 zuwa 20 ba. Sakamakon shi ne amo marar rai, marar ƙarfi. Akwatin di-ai mai batir, wanda ke daidaita siginar jita da mikisa, a tsakani, ko feda mai ƙarfafa sigina, yana warware wannan. A situdiyo kuma, a danna maɓallin da aka keɓe wa jita a na'urar shigar da sauti. Idan ana jin tsuwwa a rikodin, a zare cajar kwamfuta a gani.

Katako da sauyin yanayi

Masu ƙera jita suna so a ajiye ta inda laimar iska take kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A arewacin Zamfara laima kan faɗi ƙasa da kashi 20 da hunturu, ta haura 70 a Agusta, zafin Afrilu kuma ya wuce digiri 40. Katako yana tsukewa yana kumbura tare da wannan, ƙarfe kuwa ba ruwansa. Shi ya sa da hunturu bakin ƙarafan wuya ke fitowa suna yankar hannu, kuma jitar da aka saita da rani takan fara gogar ƙarfe da damina, ko tsirkiyoyinta su yi sama su yi tauri.

Awon ba shi da wuya. A danne tsirkiya mafi kauri a ƙarfe na farko da na ƙarshe lokaci guda, a duba tazararta da ƙarfe na 8. Kamfanin Fender yana ba da kimanin kwatan milimita, wato kaurin ɗan katin kasuwanci. Idan babu tazara ko kaɗan, wuyan ya miƙe da yawa ko ya koma baya, shi ne gogar. Idan ta yi yawa, ya lanƙwaso gaba. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake murɗawa: dama tana miƙar da shi, hagu tana sassautawa. Kwatan zagaye ake yi a tsaya, a sake saiti, a ba katako lokaci. Idan ta ƙi motsi kada a tilasta, don karyewarta ta fi duk wata matsala tsada.

Daga nan sai tsayin tsirkiya a jaki, kimanin milimita 1.6 a ƙarfe na 17, sannan saitin tsawo. Sautin da ake samu a ƙarfe na 12 dole ya zama ninkin na tsirkiyar a sake. Idan ya haura, a ja ɗan ƙarfen da tsirkiyar ke kai baya. Idan ya gaza, a turo shi gaba. Manhajar saiti ta wayar hannu ta wadatar. Jerin yana da muhimmanci: wuya, sannan tsayi, sannan tsawo, sannan fikof, kuma duk da sabbin tsirkiyoyi. Sau biyu a shekara ya kamata a yi, farkon hunturu da bayan damina ta zauna. Tsakanin haka, jita ta kwana a jakarta, ba jingine da bango mai shan rana ba, ba kuma a but ɗin mota ba.

Feda, lasifika da wurin kiɗa

Yawancin feda bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar kan cajarsu ita ce ɓangaren ragi, akasin cajar dikoda da ire-irenta masu bolt 12. Kan yana shiga daidai, shi ya sa feda da yawa suka ƙone. Batirin feda kuma yana ci gaba da zuba muddin waya na soke a mashigarta, ko an kashe ta. Batir mai mutuwa yana kawo kaushi mai tsinkewa da rage murya. Jerin da aka saba shi ne na saiti a gaba, sai masu kaushi, sai masu kaɗa murya, masu maimaitawa da amsa-kuwwa a ƙarshe.

Lasifikar jita da gangan aka yi ta ba ta wuce bugu 5,000 a daƙiƙa da yawa ba, kuma wannan iyakar ce ke tausasa kaushi. Manyan lasifikun taro suna da ƙaramar lasifika mai fitar da sauti sama da haka nesa, don haka fedar kaushi da aka tura musu kai tsaye sai ta fito da yaji. A sa makirfo a gaban amfilifayar jita, ko a rage kaifi a mikisa. Idan ana zargin lasifika, a kashe wuta, a tura takardarta a hankali da yatsu: gogar ciki alamar naɗinta ya ƙone ne. Wajen sauyawa a kiyaye lambar om, 4 ko 8 ko 16, kuma amfilifaya mai kwalabe ba a kunna ta babu lasifika.

Wani lokaci kuma kaya lafiya lau suke, kunne ne da wuri. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa kunnen mutum ba ya jin kauri da kaifi sosai idan murya ƙasa take. Wanda ya saita amonsa cikin dare a ɗaki zai ƙara su biyun; da ya ƙure murya a taro sai kaurin ya yi ruri, kaifin ya soki kunne, tsakiyar da ke fitar da jita daga cikin ganga da fiyano kuma ta ɓace. A saita a ƙarfin da za a yi kiɗan, tare da sauran makaɗa. Ɗaki mai bangon siminti da rufin kwano yana mayar da sauti, don haka ba ya buƙatar amsa-kuwwa. Filin biki yana shanye kauri. Amfilifayar da aka ajiye a ƙasa ƙafafun makaɗi take yi wa kiɗa, shi ba ya jin kaifinta sai ya ƙara, na gaba su sha wuya. A ɗora ta a kujera ko a karkata ta ta dubi kansa.

Inda ya kamata kuɗi su fara zuwa

Idan aka jera waɗannan matsaloli, za a ga tsadar magani ba ta bin girman damuwa. Mai ɗan abin hannu ya fara da wayar ƙasa, don ta shafi rai. Sai waya mai kyau guda biyu, sabbin tsirkiyoyi da na ajiya, mitar awon wuta, feshin wanke lantarki, da jaka mai rufewa. Sabon fikof da sabuwar feda su ne na ƙarshe, domin ba sa gyara ko ɗaya daga cikin abubuwan da aka lissafa. Ƙara wani zango kawai suke yi inda sauti zai iya ɓaci.

Hannun gyara ma ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Cikin Stratocaster, wadda ta fito a 1954, fikof uku ne, maɓallan murɗawa uku, kafasita ɗaya, makunni da rami. Rediyon da ake gyarawa kullum a kasuwar Shinkafi ta fi ta sarƙaƙiya. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana yaye masu ilimin lantarki da wannan ba zai gagare su ba. Giɓin yana tsakanin makaɗin da ya san amon da yake so amma bai iya bayyana ciwon ba, da mai gyaran da ya san dalma amma bai san yadda jita mai lafiya ke amo ba. Abin da zai cike shi ɗan littafi ne: ranar da jita take daɗi, a rubuta tsayin tsirkiya da na fikof, a auna juriyar kowane fikof da mita, wanda siriri kan ba da wajen om 6,000, mai naɗi biyu kuma 8,000 ko fiye, a ɗauki hoton maɓallan amfilifaya, a naɗi minti ɗaya na kiɗan a waya. Ranar da ta ɓaci, makaɗi zai je rumfar gyara da lambobi da shaida, ya ce ga yadda take da, ga yadda ta koma, ga abin da na riga na gwada.